A Duba Tukuna Kafin A Sake Tarihin Aiki A Kwamfuta

Kowane malami ya san dokar rajista. In ka yi kuskure wajen kiran suna, ba ka kankare shi da reza, sai ka ja layi a kai, ka rubuta daidai a gefe, domin wanda ya zo dubawa ya ga abin da ya faru. To, masu rubuta manhajar kwamfuta su ma suna da tasu rajistar, wadda ta ke riƙe da labarin kowane canji da aka yi wa aikinsu, da wanda ya yi shi, da ranar da ya yi. Amma su an ba su ikon da ba a ba malami ba, watau suna iya komawa baya su sake rubuta rajistar, har ta zama kamar ba a taɓa yin kuskuren ba. Wannan iko yana da amfani ƙwarai, yana kuma da haɗari ƙwarai. Abin da mu ke so mu bayyana a nan shi ne yadda mai hankali ya ke ganin abin da gyaransa zai haifar tun bai aikata shi ba.

Rumbu da zangunansa

Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita a duniya sunanta Git. Wani mutumin ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya ƙago ta cikin watan Afrilu na 2005. Dalili kuwa, shi da abokan aikinsa masu gina Linux suna amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper kyauta, sai aka janye musu wannan izni. Bai fi 'yan watanni ba ya danƙa ragamar Git ga Junio Hamano, mutumin Jafan, cikin Yuli na wannan shekara.

Wurin da Git ta ke tara aiki da tarihinsa bari mu kira shi rumbu. Duk sa'ad da ma'aikaci ya kai wani matsayi a aikinsa, sai ya ce wa Git ta adana shi yadda ya ke a wannan lokaci, ya rubuta ɗan bayanin abin da ya canja. Wannan ajiya za mu kira ta zango, don kamar matafiyi ne ya sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba. Jerin zanguna da mutum ya ke bi yana ƙarawa shi ne reshe. Kowane ma'aikaci yana da kwafin rumbun duka a kwamfutarsa, sa'an nan akwai babban rumbu na tarayya, sau da yawa a wurare irin su GitHub, inda kowa ya ke aika nasa, ya ɗauko na 'yan'uwa.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau, don a kansa sauran maganar ta ke. Kowane zango yana da lambar shaida mai baƙaƙe 40, gauraye da alƙaluma daga 0 zuwa 9 da haruffa daga a zuwa f. Ba mutum ne ke ba da lambar ba, lissafo ta a ke yi daga abin da ke cikin zangon: aikin kansa, da sunan mai shi, da lokaci, da bayanin da ya rubuta, da kuma lambar zangon da ya gabace shi. Watau kowane zango yana ɗauke da sunan ubansa a cikin nasa sunan, kamar yadda a ke cewa wane ɗan wane jikan wane. In ko baƙi ɗaya ya canja a ciki, lambar duka ta canja.

Abin da a ke nufi da sake tarihi

Mu ɗauka malamai biyu suna rubuta littafin lissafi tare a cikin rumbu ɗaya, sun kai zango na 5. Sai ɗayansu ya lura cewa a zango na 2 an saka takardar amsoshin jarrabawa bisa kuskure, ya yi nufin cire ta daga can. Git ba ta iya shiga cikin zango na 2 ta goge wani abu. Abin da za ta yi shi ne ta yi sabon zango mai kama da na 2 amma ba takardar, ta ba shi sabuwar lamba. To, zango na 3 kuwa sunan tsohon uba ya ke ɗauke da shi, sabo da haka shi ma dole a sake shi. Haka na 4, haka na 5. Gyara ɗaya ya haifi sababbin zanguna huɗu. Ashe abin da a ke kira sake tarihi juyi ne: a juye littafin daga shafin da aka gyara har ƙarshe, sa'an nan a ɗauke sunan reshen daga tsohon juyi a liƙa wa sabon.

Irin wannan aiki kashi-kashi ne. Akwai gyaran zangon ƙarshe kaɗai, wanda a ke yi da umurnin git commit --amend. Akwai dashe, watau a cire jerin zanguna daga inda su ka tsiro a dasa su a kan wani zango dabam, umurninsa git rebase. Da shi kuma a ke haɗe zanguna da yawa su zama ɗaya, ko a sake musu jeri, ko a zubar da wani. Akwai kuma tacewa, wadda ta fi su duka girma, inda a ke bin rumbu tun daga zangon fari a cire wani abu daga ko'ina, kamar ƙaton fayil da ya cika wuri ko kalmar sirri da aka manta a ciki.

Inda haɗarin ya ke

Muddin juyin nan yana cikin kwamfutar mutum shi kaɗai, da sauƙi. Wahala tana farawa ne in an riga an raba tsohon tarihin. Mu koma ga malaman nan biyu. Na biyun yana da tsofaffin zanguna, har ya ɗora zango na 6 a kan tsohon na 5. Ran da ya zo haɗa aikinsa da na abokinsa, Git za ta ga tarihi biyu masu lambobi dabam, ta haɗa su duka. Sai ka ga kowane canji ya fito sau biyu, takardar amsoshin da aka sha wuyar cirewa kuma ta dawo cikin tarihi.

Don gudun haka babban rumbu ba ya karɓar reshen da bai ɗoru a kan abin da ya ke riƙe da shi ba. Wanda ya sake tarihi sai ya tura da ƙarfi, watau ya ce a ajiye na can a ɗauki nasa. In kuwa wani ya aika aiki a tsakani, wannan turi zai ture shi daga reshen ba ko sallama.

An ga misalin haka cikin Nuwamba na 2013 a aikin Jenkins, wata manhaja da mutane da yawa ke ginawa tare. Wani daga cikin masu aikin ya tayar da na'urar kwafe rumbuna wadda saitinta bai yi daidai ba, sai ta tura tsofaffin kwafin da ke wurinsa da ƙarfi a kan rumbuna fiye da 150 a GitHub, rassansu su ka koma baya. Sai da aka bi su ana nemo lambobin zangunan ƙarshe, da taimakon ma'aikatan GitHub, kafin aka mai da su. Cikin 2015 GitHub ta fito da hanyar kulle reshe yadda ba mai iya tura masa da ƙarfi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan a nan shi ne dubawa, ita kuwa hawa huɗu ce.

Duba na fari: karanta niyyarka

In ka ba da umurnin git rebase -i, Git ba ta taɓa kome tukuna. Sai ta buɗe maka jerin zangunan da za a sake, kowanne a layinsa, tsoho a sama sabo a ƙasa. A gaban kowane layi akwai kalmar da ke faɗin abin da za a yi masa: pick a ɗauke shi yadda ya ke, reword a sake bayaninsa, squash a haɗe shi da na samansa, drop a zubar. Wannan jeri kamar shirin darasi ne da malami ke dubawa kafin ya shiga aji.

Abu biyu za ka duba. Na ɗaya, ƙirga layukan. In kana tsammanin zanguna 3 ka ga 30, to ka zaɓi wurin dashen da ba shi ba, ko kuwa ka jawo aikin wasu cikin naka. Na biyu, ka sani layin da ka goge zangonsa ya fita ke nan daga sabon tarihi. In abin bai kwanta maka ba, goge layukan duka ka rufe, Git za ta fasa aikin ba abin da ya motsa. Amma fa jerin nan niyya kaɗai ya ke nunawa. Ba zai gaya maka ko zangunan za su zauna lafiya a sabon wurinsu ba.

Duba na biyu: gwada a wani wuri

Ɗalibi mai hankali yakan yi lissafi a takardar gwaji kafin ya juye cikin littafi. A Git yin haka ba shi da tsada, domin reshe suna ne kawai da aka liƙa wa zango. Sai ka yi sabon reshe na gwaji daga inda ka ke, ka yi dashen a kansa, ka bar reshen ainihi yana nan. In ya yi kyau ka karɓa, in bai yi ba ka share na gwajin. Tun 2015 akwai kuma git worktree, wanda ke ba ka teburin aiki na biyu daga rumbu ɗaya, don kada gwaji ya hargitsa fayilolin da ke gabanka.

Abin da ya fi tsayar da dashe shi ne karo, watau mutum biyu sun canja layi ɗaya kowa ta hanyarsa, Git ta rasa wanda za ta ɗauka. Daga fitowa ta 2.38, cikin Oktoba na 2022, umurnin git merge-tree --write-tree yana gwada haɗa rassa biyu a ɓoye, ya faɗa maka fayilolin da za su yi karo, ba tare da ya taɓa aikinka ko reshenka ba. Ko da ya ke haɗi ya ke gwadawa ba dashe ba, yana nuna maka inda ƙura za ta tashi. In kuma ka riga ka fara dashen ka ga karon ya fi ƙarfinka, git rebase --abort zai mai da kai inda ka faro.

Wajen tacewa gwaji ya zama tilas. Tsohon umurnin da a ke yi da shi, git filter-branch, yana da nawa da tarkuna da yawa, har tun fitowa ta 2.24 cikin 2019 shi da kansa ya ke yi wa mai kiransa gargaɗi, ya nuna masa git filter-repo, wanda Elijah Newren ya rubuta. Shi wannan an gina shi da rigakafi. In ka ƙara masa --analyze zai rubuta maka rahoton fayilolin da ke cikin tarihi da girmansu, har waɗanda aka share tuntuni. In ka ƙara masa --dry-run zai ajiye maka takarda biyu, ɗaya tarihi yadda ya ke, ɗaya yadda zai zama, ka gwada su da idonka, rumbu kuwa bai canja ba. Har wa yau yakan ƙi yin aiki in ba a sabon kwafin rumbu ba, sai ka tilasta shi. Dalili kuwa, in ya gama yakan share tsohon tarihin sarai daga wannan kwafi, ba komawa.

Git ba ita kaɗai ba ce a fagen nan. Mercurial, wadda ita ma ta fito cikin 2005, tun 2012 ta ke rarrabe zangunan da aka riga aka raba wa jama'a da waɗanda ke hannun mai su tukuna, ta ƙi yarda a sake na farkon. Tun 2018 kuma umurnin dashenta yana iya gwada aikin ya ba da labari kaɗai, ko ya tsaya ya tambaye ka kafin ya tabbatar.

Duba na uku: jera tsoho da sabo

An gama juyi a reshen gwaji, saura a tabbata ba abin da ya zube a hanya. Gwajin fari mai sauƙi ne. In abin da ka yi haɗe zanguna ne kawai, ko sake jerinsu, ko gyara bayaninsu, to lalle ne aikin da ke ƙarshen tsohon reshe da wanda ke ƙarshen sabo su zama ɗaya. Ka ce wa git diff ya gwada su. In bai nuna kome ba, madalla. In ya nuna ko layi ɗaya, ka yar da wani abu ko ka tsinci wani abu, sai ka nemo shi.

In kuwa dashe ne a kan sabon tushe, wannan gwaji ba zai isa ba, don aikin wasu ya shigo ciki. Nan ne git range-diff ya ke da amfani, wanda ya zo cikin fitowa ta 2.19 a 2018. Yana jera tsofaffin zanguna da sababbi kafaɗa da kafaɗa, ya sa alama tsakanin kowane biyu. Alamar = tana nufin canjin bai sake ba, alamar ! tana nufin ya sake, ga kuma inda ya sake, alamar < tana nufin tsohon zango ba shi da ɗan'uwa a sabon jeri, alamar > kuwa sabon zango ne da babu shi dā. Duk inda ka ga ! ko < ka tsaya ka tambayi kanka, da nufi na yi wannan? Kuskuren da a ke yi wajen sasanta karo a nan ya ke bayyana.

Duba na huɗu: a bakin ƙofa

Magana zarar bunu ce, haka turawa zuwa babban rumbu. Kafin ka tura, ƙara --dry-run ga umurnin git push. Zai yi magana da babban rumbu, ya lissafa rassan da za su motsa, amma ba zai aika kome ba. Reshen da za a danne da ƙarfi zai fito da alamar + a gabansa. In ka ga sunan reshen da ba ka nufa ba, ka tsira ke nan.

Sa'an nan kada ka yi amfani da --force tsagwaronsa. Tun 2013 akwai --force-with-lease, wanda ke cewa a danne reshen in har yana nan inda na san shi, in wani ya ƙara aiki a kai a ƙi. Amma akwai wata 'yar kafa. In kwamfutarka tana ɗauko labarin babban rumbu da kanta ba ka sani ba, Git za ta ɗauka ka riga ka ga sabon aikin, ta bar ka ka wuce. Don toshe wannan aka ƙaro --force-if-includes cikin fitowa ta 2.30 a ƙarshen 2020, wanda ke duba ko aikin can ya taɓa shiga reshenka.

Abin da duba ba ya nunawa

Kada mai karatu ya ɗauka wanda ya bi hawa huɗun nan ya gama. Gwaji yana nuna halin rumbu a sa'ar da aka yi shi ne kaɗai, bayan minti biyar wani yana iya aika sabon aiki. Ba ya kuma gaya maka ko manhajar tana aiki daidai bayan dashe, domin zanguna suna iya zama ba karo amma ma'ana ta ɓaci, sai an kunna ta an jarraba. Ko gwajin filter-repo ba cikakken hoto ba ne, don a lokacin gwaji bai san sababbin lambobi ba, sabo da haka ba ya gyara bayanan da su ka ambaci tsofaffi. Babban abu kuma, ba umurnin da ya san abin da ke cikin kwamfutocin abokan aikinka. Wannan sai da baki: ka gaya musu ranar da za a sake tarihi, kowa ya aika abin da ke hannunsa, bayan an gama kowa ya ɗauki sabo.

In duk da haka an yi ɓarna, akwai sauran dama. Git tana riƙe da wani ɗan littafi na daban a kwamfutarka, wanda git reflog ke nunawa, inda ta ke rubuta duk wurin da reshe ya taɓa tsayawa. Da lambar tsohon zango sai ka mai da reshe can. Amma bisa saitin da ta zo da shi, kwana 90 ta ke riƙe wannan labari, na zangunan da reshe ya bari a baya kuwa kwana 30. Littafin ba ya bin kwafi zuwa wata kwamfuta, aikin da ba a taɓa ajiye shi a zango ba kuma ba ya ciki sam.

Akwai kuma ɓarnar da sake tarihi ba ya gyarawa. In kalmar sirri ta shiga rumbun da jama'a ke gani, cire ta daga tarihi ba zai fid da ita daga hannun wanda ya riga ya kwafa ba. Abin yi na fari shi ne a soke ta a yi sabuwa, tacewa ta biyo baya. Haka malaman nan namu, in ɗalibai sun riga sun ga takardar amsoshi, sai a sake tambayoyin jarrabawa.

To, 'yan'uwa, da yawa cikinku za su koyar da aikin kwamfuta, waɗansu kuma za su rubuta littattafai tare da abokai a irin wannan rumbu. Ku saba wa kanku da ɗalibanku wannan tsari: tarihin da ke hannunka kai kaɗai gyara shi yadda ka ga dama, wanda aka riga aka raba kuwa ka fi kyauta ka ƙara sabon zango mai warware kuskuren, kowa ya gani. In ya zama ba makawa sai an sake shi, karanta jerin, gwada a reshen gwaji, jera tsoho da sabo, duba a bakin ƙofa, ka sanad da abokan aiki. Duka wannan ba zai ci minti goma ba a ƙaramin aiki, gyaran ɓarna kuwa yana iya cin kwanaki na mutane da yawa. Sauri, in ji masu iya magana, shi ya haifi nawa.